Filin Kimiyya da Fasaha: Wace Maikiromita Ta Dace da Awon Shim na Bawul?

A wannan fitowar za mu duba wata na'ura da muka sani a darasin Fiziks, wato maikiromita, mu ga aikinta a garejin bakanike da yadda ake zaɓenta.

Mene ne shim?

A cikin inji akwai bawul da ke buɗewa mai da iska su shiga, da wanda ke buɗewa hayaƙi ya fita. Ana barin 'yar tazara tsakanin bawul da abin da ke danna shi, domin ƙarfe yana miƙewa idan ya yi zafi. Idan tazarar ta yi kaɗan, bawul ba zai rufe ruf ba, sai ya ƙone, inji ya rasa ƙarfi. Idan ta yi yawa, sai ka ji inji yana ƙas-ƙas, ƙarafa suna cinyewa.

Hanyar daidaita tazarar ta bambanta. Injinan ban ruwa da manomanmu ke amfani da su a gefen Dam ɗin Challawa, da mafi yawan baburan da ke kai-komo tsakanin Karaye da Rogo, da sukuru da noti ake saita su. Waɗannan ba ruwansu da shim. Amma wasu motoci, kamar tsohuwar Toyota Corolla mai inji 4A-FE, suna da wani ɗan faifan ƙarfe mai kama da kwabo a saman kowane bawul. Shi ne shim. Ba a juya shi, canza shi ake yi da mai kaurin da ya dace.

Me ya sa sai maikiromita?

Bambancin kauri tsakanin shim ɗaya da mai bi masa milimita 0.05 ne, bai ma kai kaurin gashin kai ba. Rula ba ta ganin wannan. Faniya kalifa ta ɗakin gwaji, mai karanta 0.1 ko 0.05, ita ma ba ta isa ba. Sukurun maikiromita kuwa yana tafiyar milimita 0.5 a kowane zagaye, kuma an raba zagayen gida 50. Ke nan kowane layi 0.01 ne. Wani Bafaranshe, Jean Laurent Palmer, shi ya yi rajistar irin wannan na'urar ta hannu a Paris a 1848.

Abubuwa biyar kafin saye

1. Girma. A ɗauki mai awon 0 zuwa 25. Shim bai wuce 'yan milimita ba, mai farawa daga 25 ba za ta kama shi ba.
2. Ma'auni. A ɗauki ta milimita. Ta inci za ta jawo lissafin sauyawa, nan kuskure ke shigowa.
3. Ƙyas-ƙyas. Wadda ta dace tana da ɗan murfi a gindi da ke yin ƙara idan matsi ya isa. Shi ke sa hannun kowa ya ba da amsa iri ɗaya.
4. Sifili. A goge bakinta, a rufe, a duba ko sifili ya hau kan layi. A tabbatar akwai 'yar sifanar da ake gyara shi.
5. Lafiyar sukuru. A murza daga farko zuwa ƙarshe. Wadda ke cijewa ko girgiɗi, a bar wa mai ita.

Mai batir da ke nuna lamba a gilashi ta fi sauƙin karatu, amma ta fi tsada, kuma ranar da batir ya mutu aiki ya tsaya. Ta hannu mai kyau ta wadatar. A ajiye ta a akwatinta, nesa da ƙurar hunturu, bakinta a ɗan buɗe.

Mu gwada lissafi

Bakanike yana auna tazara da fila geji idan inji ya huce. A ce ya samu 0.30, littafin motar kuma yana son 0.20 a bawul ɗin shiga. Sai ya ciro shim ya auna tsakiyarsa, domin lambar da ke jikinsa takan goge. Jikin maikiromita ya nuna 2.5, murfinta ya nuna 30. An samu 2.80 ke nan. Tazarar ta wuce da 0.10, don haka sabon shim zai zama 2.90.

Ku lura, da ya manta layin rabin milimita ya karanta 2.30, da ya sayo shim na 2.40, tazarar ta koma 0.70. Wannan kuskuren ne ke zubar da maki a jarrabawar WAEC da NECO. A gareji kuwa, kuɗin direba da abincin iyalinsa ne ke zubewa.

Aikin gida

Tazarar da aka samu 0.12 ce, ana son 0.20, tsohon shim kuma 2.95 ne. Wane kauri ya kamata, kuma wane shim ya fi kusa da shi, 2.85 ko 2.90? Ku miƙa amsa ga sakataren kulob kafin ranar Juma'a. Za mu liƙa sunayen waɗanda suka dace a fitowa ta gaba.