Idan Rimot Ya Ƙi Tayar da Mota

Duk wanda ya tashi a Kakuri ko Makera ya san mota tun yana ƙarami, domin a Kakuri ne kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa mota ƙirar 504 a shekarar 1975, wadda jama'a suka fi sani da Fijo. Ita wannan mota ba ta da ɓoye-ɓoye. In ta ƙi tashi, direba ya duba batir da fulogi, in abin ya faskara yara su tura, a sa giya ta kama. Motocin da suka cika titunan Barnawa da Narayi da Sabon Tasha a yau kuwa, da yawansu na hannu ne daga Turai da Amurka. Kwamfuta ke sarrafa injinsu, masu giyar otomatik kuma turi ba ya tayar da su.

Waɗansu daga cikin motocin nan sukan zo da wata na'ura wadda ba kamfanin da ya ƙera su ne ya sa ba, watau akwatin tayar da mota daga nesa da rimot. A ƙasashen sanyi irin su Kanada akan ɗaura shi don mota ta ɗumama kafin a shiga. A nan kuwa waɗansu iyayenmu sukan kai wa mai rewaya ya sa musu, don na'urar sanyaya mota ta kori zafin bazara. To, ran da aka latsa rimot aka ji shiru, me ya kamata a yi? Amsa ita ce a bi abin daki-daki, daga mai sauƙi zuwa mai wuya, kada a fara da yanke waya.

Da farko a gwada makulli. Wannan gwaji shi ke raba matsalar gida biyu. In makulli ma bai tayar da ita ba, laifin ba na rimot ba ne, na motar ce kanta, kuma batir ne abin zargi na farko. Batir mai cikakken caji yana nuna bolt 12.6 a mita idan inji na kashe. In ya sauka zuwa 12.2, kusan rabin cajin ya tafi. Sa'ad da ake yin kik bai kamata ya faɗi ƙasa da 9.6 ba, in kuma inji ya tashi a ga tsakanin 13.5 da 14.5, alamar altaneta na caji ke nan. A duba kan batir: farin gari ko sako-sako yana hana wuta wucewa. Zafin watan Maris da Afrilu yana cin batir ƙwarai, saboda haka kada a yi mamaki in ya mutu ba sallama.

In kuwa makulli ya tayar da ita lafiya lau, sai a koma kan rimot. A cikinsa akwai ɗan batir mai kama da kwabo, yawanci bolt 3 ne. In fitilar rimot ta dusashe, ko kuwa sai an matso dab da mota yake aiki, a canja shi. Kuɗinsa kaɗan ne, amma sau da yawa shi ke sa a kwana ana neman bakanike.

Na uku, a tuna cewa an yi akwatin nan ne da gangan ya ƙi aiki in ya ga haɗari. Ba zai tayar da mota ba sai giya tana kan P. In an taka burki ba makulli, zai kashe inji, don haka maɓallin burki da ya maƙale yana hana shi aiki. Akwai kuma wani ɗan maɓalli a bakin bonet wanda ke gaya masa ko bonet a rufe take. Ƙurar hunturu da ruwan damina suna sa shi tsatsa, ko ya lanƙwashe, sai akwatin ya ɗauka bonet a buɗe take. Har ila yau akwai wani ɓoyayyen maɓalli a ƙarƙashin sitiyari na dakatar da na'urar in za a kai mota gyara. Gwiwa ko hannun yaro na iya taɓa shi ba a sani ba. Yawancin akwatunan nan sukan faɗi ciwonsu da walƙiyar ƙananan fitilun mota. A ƙirga sau nawa suka yi, a duba littafin na'urar, domin kowane kamfani da irin lissafinsa. Sa'an nan a duba fis na akwatin, in ya ƙone a sa mai lamba daidai da shi. Kada a ɗaura waya a madadinsa, haka mota ke kama wuta.

Na huɗu, in inji ya juya amma bai kama ba, ko ya kama ya mutu nan take, galibi maganar tsaro ce. Cikin kan makullin motocin zamani akwai wata 'yar na'ura mai lambar sirri, in kwamfutar mota ba ta ji lambar ba, ba ta sakin mai. Jamus da Ingila sun wajabta wannan a sababbin motoci a 1998, Kanada a 2007. Don haka akwatin rimot yana da abokin aiki da ke ba kwamfuta lambar a madadin makulli, kuma wani lokaci yakan manta da ita in an cire batir. Wannan aikin gwani ne mai na'urar bincike, ba na kame-kame ba.

Ya ku iyayenmu, in an kai ga mai rewaya, a gaya masa duk abin da aka gwada, a kuma tambaye shi wace waya zai taɓa, don me. Kada a yarda ya tsinke maɓallin bonet don a huta: shi ne ke hana inji tashi alhali hannun bakanike yana kusa da fanka. Mota mai giyar hannu da aka bari cikin giya, in rimot ya tayar da ita, tafiya za ta yi ba direba, ga yara suna wasa a ƙofar gida. Kada kuma a tayar da mota cikin rufaffen gareji, domin a hayaƙinta akwai iska mai guba wadda ba ta da wari ko launi, tana kuwa kisa.

Mu kuma 'yan'uwana ɗalibai, wannan shi ne darasin lantarki da muke yi a aji: batir, waya, maɓalli da fis, in ɗaya ya yanke wuta ba ta zagayawa. Wanda ya iya bin su ɗaya bayan ɗaya zai tanadar wa gidansu kuɗi, ya kuma tsare lafiyar ƙannensa.