Darasi Ga Masu Kula Da Kwamfutocin Ofis: Idan Kwantena Ta Ƙi Amsa Kira

Tun da aka fito da Docker a shekarar 2013, masu aikin kwamfuta suka sami hanyar ƙunshe manhaja tare da dukkan kayan aikinta wuri guda, watau abin da ake kira kwantena. Matasan Yola da Jimeta da suka koyi ilmin kwamfuta a Jami'ar Modibbo Adama, ko Jami'ar Amurka ta Nijeriya, ko kuwa a shirin 3MTT da Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar a 2023, lalle za su yi ta cin karo da ita a wuraren aikinsu. Ranar da sadarwa ta yanke, lissafin albashi da rajistar marasa lafiya duk sai su tsaya cik, jama'a kuwa suna layi suna jira.

Ƙa'idar Bincike

Wanda famfon gidansa ya ƙafe ba ya fara zargin kogin Binuwai sai ya duba bututun gidansa tukuna. Haka ma a nan: a fara daga kusa, sa'an nan a tafi nesa, daki-daki.

1. Injin Docker. Kowane umurni yana tafiya ne wurin wani inji da ke aiki a ɓoye. Sau da yawa bayan an ɗauke wuta injin ba ya tashi da kansa. A na'urar Linux sai a duba shi da umurnin "systemctl status docker", in yana kwance a tashe shi.

2. Izini. In injin yana aiki amma ya ƙi saurare, mai yiwuwa ne ma'aikacin ba ya cikin rukunin da ake kira docker. A lura: wanda aka sa a rukunin nan ya sami iko a kan na'urar baki ɗaya, saboda haka sai amintacce.

3. Ƙofa. Kowace manhaja tana da lambar ƙofar da take amsawa. Alal misali PostgreSQL tana amsawa a 5432. Dole ne a haɗa ƙofar kwantena da ta na'ura kafin wani daga waje ya isa gare ta. Umurnin "docker ps" zai nuna ko an yi haka.

4. Adireshi. A nan ne masu koyo suka fi tuntuɓe. A cikin kwantena, lambar 127.0.0.1 tana nufin ita kwantenar kanta, ba na'urar da ke ɗauke da ita ba. Kwantena biyu da ke son magana da juna sai a ƙirƙira musu hanya guda, su kira juna da suna.

5. Hanyar waje. In an buga wa lambar 8.8.8.8 ta amsa, amma sunayen shafuka ba su buɗe ba, laifin yana ga tsarin DNS mai fassara suna zuwa lamba. In kuwa ba abin da ya amsa, sai a tuntuɓi kamfanin intanet.

Matsalar Da Ta Fi Ƙarfin Ofis

Wani lokaci laifin yana can nesa. Ran 14 ga Maris, 2024, wayoyin intanet na ƙarƙashin teku sun lalace a yammacin Afirka, sadarwa ta raunana a Nijeriya. A watan Afrilu na shekarar kuma ɓarna a turakun lantarki tsakanin Jos da Gombe ta jefa Yola cikin duhu. A irin wannan hali taɓa kwantena ba ya ƙara kome sai ɓarna.

Gargaɗi

Kada a goge kwantena cikin fushi don a sake sabuwa. Umurnin "docker compose down -v" yana share rumbun ajiya tare da bayanan jama'a da ke ciki, kuma in babu kwafi ba su dawowa. Wajibi ne a karanta rahoton "docker logs" tukuna, a canja abu ɗaya kawai a lokaci guda, a rubuta abin da aka canja, kana a riƙa ajiye kwafin bayanai a wata na'ura dabam.

Tun 2024 Gwamnatin Tarayya ta sa kayayyakin sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da doka ke karewa. Saboda haka ana roƙon duk wanda ya ga ana haƙa ko sare wayar sadarwa a unguwarsu, ya sanar da hukuma ba tare da jinkiri ba.