Koyar da Kafinta Kai-Tsaye a Intanet: Matsalolin da Ke Jiran Waya a Cikin Shago

Shagon kafinta wuri ne da waya ba ta jin daɗinsa. Ga ƙarar inji, ga ƙura, ga zafi, ga rufin kwano a sama. Duk da haka matasan kafintoci da dama yanzu suna jingina waya a jikin gwangwanin fenti, su shiga kai-tsaye a Facebook ko TikTok, su nuna yadda ake haɗa ƙofa ko ƙafar kujera. Abin yana faranta mini rai ƙwarai. Sana'ar da a da sai ka shekara kana miƙa wa maigida ƙusa kafin a bar ka ka riƙe zarto, yau yaro a ƙauye yana kallon ta a wayar yayansa. Ni ma ina koyarwa haka daga shagona, kuma na lura yawancin abin da ke ɓata darasi ana iya maganinsa tun kafin a danna maɓallin farawa.

Murya ce ke fara kayar da mu. Mai kallo yana haƙuri da hoto mai ɗan hazo, amma da zarar ya daina jin bayani sai ya wuce. Maganar mutum ta yau da kullum wajen desibel 60 take, injin zarto kuwa yana kai 100 har ya haura. Waya tana da wata dabara a cikinta: idan ƙara ta yi yawa sai ta rage ƙarfin makirfo da kanta, idan inji ya tsaya kuma sai ta ɗan jima kafin ta dawo daidai. A wannan ɗan tsakanin ne kafinta yake faɗin abu mafi muhimmanci, wato dalilin da ya sa ya yanka haka, kuma shi ne mai kallo ba ya ji. Tsarin da nake bi shi ne in yi bayani tukuna, in yanka ba tare da na ce uffan ba, in kashe inji, in jira ya tsaya cik, sannan in ci gaba da magana. Ƙaramin makirfo da ake maƙalawa a wuyan riga yana taimakawa sosai, amma a sayi marar waya, domin igiyar da ke lilo a ƙirji kusa da abin da ke juyawa hatsari ce.

Akwai kuma akasin wannan matsala. Manhajoji irin su Zoom suna tace hayaniya su bar murya kaɗai, sai su share ƙarar kayan aiki gaba ɗaya. To kafinta da kunne yake koyon rabin sana'arsa. Kukan cizal mai kaifi a jikin maɗaci daban yake da na dakusasshe, haka nan zarto idan katako ya matse shi sai muryarsa ta sauya kafin ya yi tutsu. In da Zoom kake koyarwa, ka nemi wurin da ake kunna sauti na asali ka kunna. Rediyon shago kuma a kashe shi, don waƙar da ke tashi a bayanka tana iya sa a toshe sautin bidiyon saboda haƙƙin mallaka.

Sai maganar sabis, wadda mutane da yawa suke yi wa gurguwar fahimta. Wayarka tana buɗe bidiyo babu tsaiko, sai ka ɗauka layinka lafiya lau. Wancan saurin saukewa ne. Mai watsa shiri saurin turawa yake bukata, kuma a layin waya shi ne ya fi rauni. Hoto mai matakin 720 yana son wajen megabit 3 a kowace daƙiƙa, ba tare da yankewa ba, wanda a lissafi ya kai gigabait 1.35 a awa guda. Ka auna saurin turawa a daidai wurin da za ka ajiye waya, a kuma daidai lokacin da za ka yi shirin, domin layin da ke gudu da hantsi yana iya rarrafe bayan isha'i idan unguwa duka ta hau intanet. Rufin kwano da ƙofar ƙarfe suna tare sabis. Sau da yawa ajiye ƙaramar na'urar intanet a bakin taga, waya ta ja daga gare ta, ya fi sauya layi amfani.

Wani abu da ya keɓanta da sana'armu shi ne yadda dusar katako take lalata hoto ko da sabis yana da kyau. Kafin waya ta tura bidiyo sai ta matse shi, kuma hanyar matsewar ita ce ta tura abin da ya sauya daga wannan hoto zuwa na gaba, ta bar abin da bai motsa ba. Bango ba ya motsi, benci ba ya motsi, don haka babu wahala. Amma da ka kunna injin gogewa, dubban ƙwayoyin dusa suka tashi kowace da inda ta nufa, sai wayar ta rasa wanda za ta bi, hoton ya farfashe ya zama dabbare-dabbare. Layin fensir da ka ja, da zanen jikin katako da kake son a ga inda ya dosa, su ne farkon ɓacewa. Shi ya sa nake jan layi da fensir mai kauri da duhu, kuma bayan kowane yanka ina kawo katakon gaban kyamara in riƙe shi ƙyam na ɗan lokaci har hoton ya washe. In haɗin gaɓa ne, in juya shi a hankali a ga bakin ramin da harshen da zai shiga ciki.

Kada ƙafar kyamara ta taɓa bencin da kake aiki a kai, kowane bugun guduma zai girgiza hoton. Ka danna ka riƙe allon wayar a kan katakon don ta kulle ganinta a nan, in ba haka ba za ta yi ta bin hannunka tana sakin aikin. Ka yi amfani da kyamarar baya, don ta gaba a wasu manhajoji tana juya hoto, dama ta koma hagu, mai koyo ya riƙe kayan aiki a baibai. Ƙofar shago ta kasance a gabanka ko a gefenka, in tana bayanka inuwa kawai za a gani. Idan ratsi-ratsi suna yawo a hoton ƙarƙashin fitilar lantarki, ka duba saitin kyamara ka sa shi a 50, domin wutar Najeriya da Nijar a kan haka take bugawa. A 2020, da korona ta hana taro, ƙungiyoyin masu sassaƙa da injin juya katako a Amurka da Ingila sun mayar da darussansu intanet, kuma da yawansu kyamara biyu ko uku suke kafawa, ɗaya daga sama, ɗaya kusa da bakin kayan aiki. Mai kwamfuta zai iya yin haka da manhajar OBS Studio, wadda kyauta ce. Wanda waya ɗaya gare shi, ya fifita hannunsa a kan fuskarsa.

Zafi ma yana kashe shiri. Wayoyi da yawa an yi su ne don aiki a zafin da bai wuce digiri 35 ba, Kano da Sakkwato kuwa a watan Afrilu suna haura 40 a inuwa, balle ƙarƙashin kwano. Ɗaukar hoto da turawa da caji a lokaci guda suna dafa waya, ta rage haske, hoto ya fara tsalle, daga nan ta kashe kyamara. A cika batir tun da wuri, a cire mata riga, a kau da ita daga rana. Bayan shiri a goge ramin makirfo da na caji da busasshen buroshi mai laushi. A kuma sauke bidiyon a adana, don tun watan Fabrairun 2025 Facebook kwana 30 kawai yake ajiye shirin kai-tsaye kafin ya goge.

Duk waɗannan ba su kai wannan na ƙarshe damuna ba, 'yan'uwana kafintoci. Abin da mai kallo yake gani ya riga ya faru da daƙiƙa goma, ashirin, wani lokaci fiye. Tambayarsa tana iso maka ka riga ka shiga yanka na gaba. Saƙo ya faɗo, ido ya kai kan allo, hannu kuma yana tura katako zuwa bakin zarto mai juyawa sau dubbai a minti guda. Na ga shirye-shirye da dama inda mai koyarwa yake gaida masu shigowa da suna alhali inji yana gudu, gabana ya yi ta faɗuwa har aka gama. Wasu kuma suna cire murfin kariya na zarto don kyamara ta ga yanka da kyau, ko su ajiye tabarau da takunkumi don fuska ta fito. Yaron da ke kallo ba shi da maigida a kusa da zai tsawata masa. Abin da ya ga hannunka ya yi, shi zai je ya yi. In ya ga ka naɗe hannun riga, ka ɗauki sandar tura katako, ka rufe hanci, ya koyi wannan tare da awon. Ƙurar katako ba abin wasa ba ce, hukumar binciken cutar kansa ta duniya ta sa ta cikin abubuwan da ke jawo kansar hanci.

Saboda haka ba na shiga kai-tsaye ni kaɗai. Ɗaya daga cikin yaran shago ne yake zama da wata wayar, yana kallon shirin yadda jama'a suke ganinsa, yana tara tambayoyi. Allon wayar da ke ɗauka yana kallon wani gefen, ba na ganinsa. In na kashe inji sai ya ce, "Maigida, ana tambaya wane gam ka sa," in amsa, mu ci gaba. Na kuma gargaɗe shi cewa ko layi ne ya yanke ana tsakiyar yanka, kada ya ce mini komai sai zarto ya tsaya.