Amsoshin Tambayoyinku: Yoyon Rufin Gareji

Wani mai sauraronmu daga Tsafe ya aiko da tambaya: rufin garejinsa yana yoyo tun farkon damina, silin har ya yi baƙi, shin ya shafa kwalta ya huta?

To Malam, inda ruwa ke ɗiga ba lallai nan ɓarakar take ba. Ruwa kan shiga ta ramin ƙusar da ta yi tsatsa ko ta mahaɗar kwano biyu, ya bi katako ya gangara, sannan ya zubo can gefe. Iskar da ke zuwa da ruwan farko a Gusau da Bungudu, kamar yadda take a wajenku, tana girgiza kwano har ƙusoshi su saki. Saboda haka ka fara kashe wutar garejin, domin jiƙaƙƙiyar waya tana kisa. Ka kwashe buhunan hatsi da siminti, sannan kafinta ya bi sawun danshin har tushensa.

Za ka ce kwalta ta fi araha, ga shi a watan Agusta ruwa ba ya ɗagawa. Haka ne, ta wucin gadi ba laifi, muddin a kan ainihin ramin aka shafa ta. Amma zafin Maris da Afrilu, da kan kai digiri 40, yana tsattsage ta, kuma katako mai danshi gara yake jawowa. Silin da ya kumbura kuwa fenti ba ya gyara shi, cirewa ake yi. Ka lallaɓa zuwa Oktoba, ruwa na ɗaukewa a sauya ruɓaɓɓen katako, a buga ƙusoshi masu roba.