Dalilin da Ke Sa Mutum Tara Agogunan Alfarma

Gabatarwa

A ranar 26 ga Oktoba 2017 an yi gwanjon wani agogon hannu ƙirar Rolex Daytona a birnin Niyok na ƙasar Amurka, aka saye shi a kan dala miliyan 17 da dubu 750 da 'yan kai. Agogon na farin ƙarfe ne marar tsatsa, babu zinariya ko lu'ulu'u a jikinsa, kuma a zamanin da aka ƙera shi ana sayar da irinsa a kan 'yan ɗaruruwan daloli. Abin da ya bambanta shi da sauran shi ne mai shi, watau Paul Newman, shahararren ɗan wasan fim. Matarsa Joanne Woodward ce ta ba shi kyauta sa'ad da ya fara sha'awar tseren mota, ta kuma sa aka zana a bayan agogon wani ɗan roƙo cewa ya riƙa tuƙi a hankali.

To, me mai sayen ya saya da wannan maƙudan kuɗi? Kuma me ke sa wasu mutane su tara agogo goma ko hamsin, alhali hannu biyu suke da shi? Wannan darasi zai dubi tambayar ta fuskar ilimin halittu da na halayyar ɗan Adam.

Agogon sifirin da agogon batir

Agogon hannu iri biyu ne. Na farko shi ne agogon sifirin. A cikinsa akwai wani siririn ƙarfe a naɗe, wanda ake ɗaure shi ta hanyar murɗa kan agogon ko ta motsin hannun mai ɗaure da shi. Yayin da sifirin ke warwarewa a hankali, sai ya tura waɗansu ƙananan faya-fayai masu haƙora, su kuma wani ɗan zobe mai lilo ne ke daidaita tafiyarsu. A yawancin agogunan sifirin na zamani zoben yana bugawa sau 28,800 a awa, watau sau 8 a sakan ɗaya. Hukumar da ke gwada ingancin agoguna a Suwizalan tana ba da shaidar ƙwarewa ga wanda bai yi jinkirin da ya wuce sakan 4 ba, bai kuma yi gaggawar da ta wuce sakan 6 ba a kwana ɗaya.

Na biyu shi ne agogon batir. Shi wannan yana da ɗan ƙanƙanin yanki na ma'adinin kwaz, wanda idan wutar batir ta ratsa shi yakan yi karkarwa sau 32,768 a sakan. Saboda yawan bugun da daidaituwarsa, agogon batir mai araha bai cika yin kuskuren da ya wuce sakan 15 a wata guda ba. Kamfanin Seiko na Japan ne ya fara fitar da irinsa kasuwa a ranar 25 ga Disamba 1969, a kan yen 450,000, kuɗin ƙaramar mota a lokacin. Cikin 'yan shekaru farashin ya karye, har yaron makaranta ya iya saye. Masana'antun Suwizalan suka shiga mawuyacin hali: ma'aikatansu sun ragu daga kimanin 90,000 a 1970 zuwa kimanin 30,000 a tsakiyar shekarun 1980.

Bisa lissafi, nan ya kamata a ce agogon sifirin ya kau. Amma sai ga shi ya farfaɗo a matsayin kayan alfarma, har ya zama shi ke kawo mafi yawan kuɗin da Suwizalan ke samu daga fitar da agoguna. Abin lura a nan shi ne, mai tara agogo yana biyan kuɗi mai yawa don samun abin da ya gaza na araha wajen faɗin lokaci. Ke nan dole a nemi dalilinsa a wani wurin.

Tarawa da nunawa a duniyar dabbobi

Ɗabi'ar tara abu ta girmi ɗan Adam. Tururuwa na jidar hatsi zuwa raminta, gafiya na cika kumatunta da abinci ta kai ɗakinta ta adana, abin da ya sa Bahaushe ke cewa gafiya tsira da na bakinki. Wannan tarawa ce don maganin yunwar gobe, amfaninta a fili yake.

Akwai kuma tarawar da ba ta da alaƙa da ciki. A gabashin Ostireliya akwai wani tsuntsu da namijinsa ke gina 'yar rumfa da tsinkaye, sa'an nan ya bi daji yana tsinto abubuwa masu launin shuɗi, kamar fure da gashin tsuntsaye da murfin kwalba, ya jera su a ƙofarta. Ba ya cin su, kuma ba a rumfar ake yin ƙwai ba. Mace ce ke zagaya rumfunan tana dubawa kafin ta zaɓi abokin barbara. Mazan har satar kayan juna suke yi.

Irin wannan almubazzaranci ya daɗe yana ɗaure wa masana kai. Charles Darwin ya yi bayani a 1871 cewa zaɓin da mata ke yi shi ke haifar da ado irin wutsiyar ɗawisu, duk da cewa tana da nauyi kuma tana cin ƙarfin jiki wajen fitowa. A 1975 wani masani ɗan Isra'ila, Amotz Zahavi, ya ƙara da cewa tsadar adon ita ce sirrinsa: alamar da kowa zai iya yi ba ta shaida komai, amma wadda sai mai lafiya da ƙarfi ke iya ɗauka tana da wuyar yi wa ƙarya. Binciken Marion Petrie a Ingila a farkon shekarun 1990 ya nuna cewa matan ɗawisu sun fi karkata ga namijin da wutsiyarsa ta fi yawan ɗigo mai kama da ido. Sai dai wani bincike da aka wallafa a 2008 kan ɗawisun Japan bai sami haka ba, don haka masana na ci gaba da muhawara a kai.

Tun kafin Zahavi, masanin tattalin arziki Thorstein Veblen ya lura a 1899 cewa attajiran Amurka na sayen wasu kaya ne domin a ga suna da halin saye. Agogon alfarma na iya yin wannan aiki. Amma wannan bayani bai wadatar ba, domin da yawa daga masu tarawa suna ajiye agogunansu a akwati ko a banki, inda ba mai gani, kuma wanda suka fi so ba lalle ne ya zama mafi tsada ba.

Abin da ke faruwa a ƙwaƙwalwa

A shekarun 1980 da 1990, Wolfram Schultz da abokan aikinsa a Jami'ar Firibug ta Suwizalan sun auna aikin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu fitar da sinadarin dofamin a jikin birai. Idan aka ba biri ruwan 'ya'yan itace ba zato, ƙwayoyin sukan zabura. Idan aka saba kunna fitila kafin a ba shi, bayan ya koya sai zaburar ta koma lokacin ganin fitilar. In kuwa aka kunna fitila aka hana ruwan, aikinsu yakan faɗi ƙasa. Wannan ya nuna cewa dofamin ya fi alaƙa da sa rai da nema a kan mallaka. Ga mai tara agogo, bin shaguna, karanta tarihin ƙira, jiran shekaru don samun wani samfuri da fafatawa a wurin gwanjo duk suna cikin ladar abin. Da zarar agogo ya shigo hannu sai ɗokin ya lafa, ido ya koma kan na gaba.

Akwai kuma birki. A 2005 Steven Anderson da Hanna Damasio da Antonio Damasio na Jami'ar Ayowa sun wallafa nazari kan mutum 86 da suka sami rauni a wani ɓangare na ƙwaƙwalwa. Mutum 13 daga cikinsu sun fara tara tarkace marar amfani bayan raunin, ba kuma sa iya zubarwa. An gano cewa rauninsu ya shafi tsakiyar ɓangaren gaba na ƙwaƙwalwa, daidai bayan goshi. Masanan suka fahimci cewa sha'awar tarawa na tasowa daga sassan can ciki waɗanda mutum ya yi tarayya da dabbobi a kansu, shi kuma ɓangaren gaba shi ke tace ta, ya ce wannan ya cancanta, wancan bai cancanta ba. Mai tarawa na gaskiya yana da tsari da zaɓi: wani agogunan matuƙa jirgin sama kaɗai yake nema, wani na shekarar haihuwarsa.

Sa'ad da kaya ya zama ɓangaren mai shi

A nan ne ma'anar da ta shafi mutum shi kansa take. A 1990 Daniel Kahneman da Jack Knetsch da Richard Thaler sun raba wa rabin ɗaliban aji kofunan shan shayi, suka bar sauran hannu wofi. Waɗanda suka sami kofi sun nemi kusan ninki biyu na abin da sauran suka yarda su biya. Mallakar 'yan mintoci ta isa ta ɗaga darajar abu a idon mai shi, balle agogon da ya shekara ashirin yana manne da fata.

A 2008 Bruce Hood da Paul Bloom sun nuna wa yara 'yan shekara 3 zuwa 6 wata na'urar dabo da aka ce tana kwafar kowane abu daidai da daidai. Yaran sun yarda da kwafin abin wasa na yau da kullum, amma masu wani bargo ko 'yar tsana da suka shaƙu da ita sun fi son ta asali, wasu ma sun ƙi yarda a sa ta cikin na'urar. A 2011 George Newman da abokan aikinsa sun sami irin wannan ga manya: mutane sun rage kuɗin da za su biya wa rigar wani shahararren da suke ƙauna idan aka ce an wanke ta an kashe duk abin da ke jikinta. Zuciyar ɗan Adam tana ɗauka cewa wani abu na mai kaya yana saura a jikin kayansa. Abin da aka saya a gwanjon Niyok ke nan: hannun da ya ɗaura agogon da kuma roƙon matar da ke tsoron rasa mijinta.

Wani misali shi ne agogon aljihu da kamfanin Patek Philippe ya ƙera wa Henry Graves, wani mai banki a Niyok, aka miƙa masa a 1933. Yana yin ayyuka 24 bayan faɗin lokaci, ɗaya daga ciki shi ne nuna taswirar taurari kamar yadda suke bayyana da dare a saman gidansa. An sayar da shi a Janeba a 2014 a kan kimanin dala miliyan 24. Mutumin ya sa an ƙera masa sararin samaniyar ƙofar gidansa ya sa a aljihu.

Ɗalibin ƙasar Hausa ba zai rasa abin kwatance ba. Jeren kwanonin ɗakin amarya ba don cin abinci ake yin sa ba, kuma takobi ko alkyabbar kaka da iyali ke adanawa ba za a musanya ta da sabuwa ba ko da ta fi kyau. Agogon sifirin ya dace da irin wannan gado, domin ƙarfe ne da ƙwararren mai gyara zai iya kwancewa ya wanke ya sa mai, ya ci gaba da aiki bayan mai shi ya kwanta dama. Saboda haka ake yawan sayen sa don tuna ranar aure, ko kammala karatu, ko barin aiki, da niyyar bar wa ɗa.

Inda ake bukatar hattara

Kwaɗayi mabuɗin wahala ne. Tun 2013 likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suka ware tarawar da ta fi ƙarfin mutum a matsayin cuta mai zaman kanta, wadda alamarta ita ce kasa rabuwa da kaya har su dagula gida da zaman iyali. Haka nan masu ɗaukar agogo a matsayin jari sun ga darasi: farashin agogunan hannu-na-biyu ya yi tashin gwauron zabo har farkon 2022, daga nan ya sauko sosai. Wanda ya ci bashi don a gan shi da agogo ya ɗauki wutsiyar ɗawisu ba tare da ƙarfin ɗawisu ba.

Kammalawa

Tara agogon alfarma ya tsaya a kan duwatsu uku: nuna hali ga jama'a, daɗin nema da dofamin ke rurawa, da kuma alaƙar da zuciya ke ƙullawa tsakanin kaya da mutane. Na ukun ne ya fi daɗewa, kuma shi kaɗai ne ba ya bukatar dukiya. Tsohon agogon batir da uba ya bari yana iya zama wa ɗansa abin da ba zai sayar a kan kowane farashi ba, kuma hanyar da ƙwaƙwalwarsa ke bi wajen ba shi daraja ita ce dai wadda ta attajirin gwanjo ke bi.

Tambayoyi da aikin aji

1. Idan agogon sifirin yana gaggawar sakan 6 kowace rana, minti nawa zai ƙara a kwana 30? Kwatanta da agogon batir.
2. Bayyana bambancin tarawar gafiya da ta tsuntsu mai rumfa.
3. Me ya sa Zahavi ya ce alama mai tsada ta fi wuyar yi wa ƙarya?
4. Malami ya raba biro iri ɗaya ga rabin aji. Masu biro su rubuta farashin da za su sayar, sauran su rubuta wanda za su saya, kowa a ɓoye. A fitar da matsakaicin kowane rukuni a kwatanta.
5. Kowane ɗalibi ya tambayi wani dattijo a gidansu abin da ya gada wanda ba zai sayar ba, ya rubuta dalilin da aka ba shi.