Ezra Ya Ƙi Sojoji, Nehemiya Ya Karɓa: Darasi a Kan Dogara ga Allah Cikin Aikin Bishara

Wuraren karatu: Ezra 8:21-34, Nehemiya 2:1-9, 2 Tarihi 16:1-10

Gabatarwa

Kowace shekara makarantun tauhidi da ke Jos da kewaye suna yaye ɗalibai maza da mata waɗanda suka amsa kiran Ubangiji. Idan lokacin tura ma'aikata ya yi, aka ce da mutum ga ƙauyen da za ka, tambayoyi sukan taso. Wa zai riƙa biyan albashi? Ina yara za su yi makaranta? Akwai asibiti kusa? Wurin yana da tsaro kuwa? Waɗannan ba tambayoyin banza ba ne, domin rai da iyali suka shafa. Wasu 'yan'uwa suna ganin duk wanda ya yi su ba shi da bangaskiya. Wasu kuma ba za su ɗaga ƙafa ba sai an amsa su duka. Manufar wannan darasi ita ce mu ga cewa Littafi Mai Tsarki bai hana bawan Allah yin tanadi ba, amma ya hana shi jingina ransa da biyayyarsa a kan tanadin.

1. Mutum biyu, sarki ɗaya, birni ɗaya

A shekara ta bakwai ta sarautar Artashate, sarkin Farisa, Ezra ya tashi daga Babila zuwa Urushalima da ayarin maza da mata da yara. Suna ɗauke da talanti 650 na azurfa da talanti 100 na zinariya, ban da kayan Haikali, a hanyar da 'yan fashi suka saba tarewa, tafiya ta wajen wata huɗu. Ezra yana da damar roƙon sarki ya ba shi mayaƙa, amma ya ji kunyar yin haka, domin ya riga ya shaida wa sarki cewa Allahnsu yana kiyaye masu nemansa. Sai ya tara jama'a a bakin kogin Ahawa, suka yi azumi da addu'a, suka kama hanya, suka kuwa isa lafiya.

Bayan shekara goma sha uku, Nehemiya ya tashi daga Shushan zuwa wannan birni, da izinin wannan sarki. Shi kuwa ya roƙi wasiƙu zuwa ga masu mulkin hanya, ya roƙi katako daga kurmin sarki, ya kuma tafi da shugabannin sojoji da mahayan dawakai. Bai ga wani abin kunya a ciki ba. A wurinsa, alherin Allah ne ya sa sarki ya ba shi.

Wane ne a cikinsu ya dogara ga Allah? Dukansu biyu. Nassi bai yabi ɗaya ya tsauta wa ɗaya ba. Mu lura kuma, Ezra da ya ƙi sojoji bai yi sakaci ba. Ya auna dukiyar, ya danƙa ta ga firistoci goma sha biyu, aka sāke auna ta a Urushalima, aka rubuta. Nehemiya da ya karɓi sojoji kuwa, sai da ya yi addu'a a zuciyarsa kafin ya buɗe baki gaban sarki, bayan watanni yana azumi da roƙo. Da maƙiya suka taso wa masu ginin garu, addu'a da tsaro ya haɗa dare da rana (Nehemiya 4:9). Ashe samun sojoji ko rashinsu ba shi ne ma'aunin bangaskiya ba. Abin da ya haɗa mutanen nan biyu shi ne, kowannensu ya riga ya ƙudura tafiya saboda Allah kafin maganar tsaro ta taso.

2. Inda tanadi yake zama gunki

Sarki Asa ya nuna mana ɗaya gefen. A farkon sarautarsa, da babbar rundunar Zera ta auka wa Yahuza, ya yi kuka ga Ubangiji, ya sami nasara. Da ya daɗe a kan gadon sarauta, baitulmali ya cika, sai Ba'asha sarkin Isra'ila ya matsa masa. Wannan karon bai nemi Ubangiji ba. Ya kwashi azurfa da zinariya daga Haikali ya sayi goyon bayan Ben-hadad na Dimashƙu. Dabarar ta ci, abokin gāba ya janye. Duk da haka annabi Hanani ya zo ya tsauta masa, Asa kuwa ya husata ya jefa shi kurkuku.

A nan muna samun alamu uku da mai bi zai gwada kansa da su. Ta farko, wa kake fara nema idan damuwa ta zo? Ta biyu, kana taɓa abin da yake na Allah, wato gaskiyarka, ko kiranka, ko kuɗin ikkilisiya, don ka sayi kwanciyar rai? Ta uku, kana jin haushin wanda ya yi maka gargaɗi a kan wannan? Nasarar dabara ba ita ce shaidar yardar Allah ba.

3. Abin da Jos ta gani da idonta

Mazauna Jos ba sa bukatar a je da su nesa kafin su gane cewa kayan aro ba ya rufe katara. Kuza ce ta kafa garin nan. Ita ta jawo jirgin ƙasa, ta jawo dubban ma'aikata daga kowace kusurwa ta Nijeriya, har iyaye suna ganin wanda ya sami aikin kamfani a Bukuru ya gama tsira. Harkar ta yi ta ja da baya, sa'an nan a 1985 farashin kuza ya faɗi warwas a kasuwar duniya. Kududdufan da aka bari a gonakin Filato su ne shaida.

Babbar kasuwar Taminus ta kasance abin alfaharin jihar, masu rumfa a cikinta suna ganin sun kafa gadon 'ya'yansu. A watan Fabrairu na 2002 wuta ta cinye ta, Kirista da Musulmi suka wayi gari ba jari, aka kuma shafe fiye da shekara ashirin ba a sāke gina ta ba. Jihar da ake yi wa kirari da gidan zaman lafiya ta ga rikicin 7 ga Satumba 2001, da na Nuwamba 2008, da na Janairu 2010. Ranar Lahadi 26 ga Fabrairu 2012 aka kai harin bam a majami'ar hedkwatar COCIN, a tsakiyar birni, ba a wani ƙauye mai nisa ba. Naira kuwa, wadda kafin 1986 take kafaɗa da kafaɗa da dalar Amurka, a 2024 sai an tara fiye da 1,500 kafin a sami dala ɗaya. Wanda ya yi shekara talatin yana ajiyar tsufa ya san ma'anar wannan.

Ba a kawo waɗannan don a tayar da tsohon miki ba, ba kuma don a ce waɗanda abin ya shafa sun fi wasu zunubi ba. An kawo su ne domin ma'aikacin da ya ƙi fita saboda yana ganin birni da albashi su ne mafaka, ya sani mafakar da ya zaɓa ita ma tana yoyo.

4. Waɗanda suka riga mu

A watan Disamba 1893 samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka a Ikko da niyyar kai bishara cikin ƙasar da a lokacin ake kira Sudan. Babu wata babbar ƙungiyar mishan da ta ɗauki nauyinsu. Kafin 1894 ta ƙare, Gowans ya rasu a Girku, Kent ya rasu a Bida, daga baya kuma Bingham ya koma gida bayan ya sha fama da ciwo. Yunƙuri na biyu a 1900 bai yi nasara ba. Sai a 1902 aka kafa tasha ta farko a Patigi. Daga wannan ƙaramin mafari SIM ta tsiro, daga aikinta kuma aka kafa ECWA a 1954. Haka Karl Kumm da abokansa na SUM suka sauka a Wase a 1904, aikin da ya haifi COCIN da wasu ikkilisiyoyi 'yan'uwanta.

Dakta Andrew Stirrett ya fi kowa nuna mana Ezra da Nehemiya cikin mutum ɗaya. Mai kantunan sayar da magani ne a Toronto ta ƙasar Kanada, yana da rufin asiri. Ya rabu da dukiyarsa ya zo ƙasar nan a 1902. Hausawa suka sa masa suna Bature Mai Magani. Ya yi wa'azi a kasuwanni, ya sa hannu cikin fassarar Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932, ya rasu a Jos a 1948. Mutumin nan da ya saki dukiya saboda kira, shi ne kuma ya dage cewa 'yan mishan su riƙa shan kwinin kullum saboda zazzaɓin cizon sauro. Bai ga saɓani tsakanin addu'a da magani ba.

Iyayenmu na ƙasar nan ma ba a bar su a baya ba. Tun ƙarshen shekarun 1940 masu bi 'yan ƙasa suka kafa ƙungiyar aika masu bishara, wadda daga baya ta zama EMS. Manoma da masu ƙananan sana'o'i ne suka riƙe ta da baikonsu, masu bishara da yawa kuma suna noma da hannunsu a inda aka tura su. A shekarun 1970 gwamnati ta karɓe makarantu da asibitocin mishan da dama. Gine-gine sun tafi, amma aikin bishara bai tsaya ba, domin ba a kansu aka kafa shi ba.

5. Dogara ba alkawarin kuɓuta daga wahala ba ce

Dole mu faɗi gaskiya a nan, gama akwai koyarwar da take cewa mai bangaskiya ba ya rashi, ba ya ciwo. Gowans da Kent sun dogara ga Allah, sun kuwa mutu ba su ga amfanin aikinsu ba. A sura guda, Ayyukan Manzanni 12, an kashe Yakubu da takobi, aka kuɓutar da Bitrus daga kurkuku. Abokan Daniyel uku sun shaida wa Nebukadnezzar cewa Allah yana da ikon cetonsu, amma ko bai cece su ba, ba za su yi wa gunki sujada ba. Akwai gwauraye da marayu na ma'aikata a cikinmu waɗanda suka biya wannan farashi a ƙauyukan Filato da sauran wurare a Arewa. Kada wani ya ce musu ƙarancin bangaskiya ne. Abin da Almasihu ya alkawarta shi ne kasancewarsa tare da mu, da tashin matattu.

Wannan kuma bai ba kowa izinin jefa kansa cikin haɗari da gangan ba. An zurara Bulus cikin kwando ta kan garun Dimashƙu, ya kuma yarda sojojin Roma 470 suka fitar da shi daga Urushalima da dare. Ubangiji da ya aiki almajirai ba jaka ba guzuri a Luka 9, shi ne ya ce su ɗauka a Luka 22, bayan ya sa sun shaida da bakinsu cewa ba su rasa kome ba a karon farko. Ma'aikacin da ya kwashe iyalinsa na ɗan lokaci saboda gargaɗin dattawan wurin bai yi musun Ubangijinsa ba.

6. Nauyin da ke kan masu aikawa

Wannan darasi ba na masu tafiya kaɗai ba ne. Abin kunya ne ikkilisiya ta riƙa gina katafaren ɗakin sujada, alhali mai bisharar da ta aika yana bin ta bashin watanni, sa'an nan a ce masa ya dogara ga Allah. Bulus ya koyar cewa masu shelar bishara su ci daga bishara (1 Korantiyawa 9:14). Ya yi sana'ar ɗinkin alfarwa a Koranti, amma ya yi murna ƙwarai da gudummawar da Filibiyawa suka aiko ta hannun Abafaroditas. Sau da yawa amsar addu'ar mai bishara tana cikin aljihun ɗan'uwan da ke zaune a birni. Idan ya riƙe saboda tsoron gobe, shi ne ya bi sawun Asa, ba wanda yake ƙauye ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Kammalawa

Ƙaunatattu cikin Ubangiji, Hausawa sun ce dogara ga Allah jari. Ku yi tanadi, ku auna dukiya kamar Ezra, ku karɓi taimako da godiya kamar Nehemiya. Amma amsar kira ta riga tanadi, kada ta jira shi. Wanda aka kira ya tafi, wanda ya zauna ya riƙe igiya da aminci.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Me ya sa Nassi bai tsauta wa Nehemiya ba, amma ya tsauta wa Asa?
2. Wane abu ne, in an ɗauke maka shi yau, zai sa ka bar hidimar da Allah ya ba ka?
3. Masu bishara nawa ikkilisiyarku take tallafa wa, yaushe kuma kuka ji labarinsu na ƙarshe?

Addu'a

Ya Uba, ka gafarta mana inda muka mai da kyautarka madogararmu. Ka kiyaye bayinka da ke wurare masu wuya, ka ta'azantar da iyalan waɗanda suka rasu cikin hidima, ka buɗe hannuwanmu domin su. Cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.