Amsoshin Tambayoyinku: Ɗan Sigina a Yaƙin Bama

Wani mai sauraronmu daga Ɗambatta ya ce kakansa ɗan sigina ne a yaƙin Bama, yana tambaya ko irinsu ma sun ga wuta.

To malam, sun gani ƙwarai. A 1944, Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma, wadda akwai sojojin Najeriya a cikinta, ta kutsa kwarin kogin Kaladan, inda sai da suka sare wa kansu hanya cikin kurmi. Abinci da harsashi da magani, jirgin sama ke jefo musu. Ɗan sigina ne ke sanar da inda za a jefa. In rediyonsa ta mutu, jama'a sun shiga uku. Rediyon da baturanta a ka ake ɗauka, a hau tsauni a gangara. In wayar tarho ta tsinke, shi ke bin ta da hannu, ga abokan gaba Japanawa a kusa, har ya gano wurin ya ɗaura.

Janar Murtala Muhammad, ɗan Kano, shi ma ta sashen sigina ya taso.

Kakanka jarumi ne. Ka ba 'ya'yanka labarinsa. Allah ya jiƙan magabata.